Na'urar Jin Fashewar Gilashi: Me Take Ji, Ina Ake Kafa Ta, Yaya Ake Saita Ta?

Gilashi ya shiga gine-ginen biranenmu sosai. Kantin magani, shagon waya, reshen banki, wurin sayar da gwal, har gidajen zama masu tagogin almini da ake turawa gefe, duk sun koma fuskar gilashi, domin yana ƙawata gini, yana shigo da haske, yana kuma nuna wa mai wucewa hajar da ke ciki. Sai dai abin da ke nuna kaya ga mai saye shi ne ke nuna su ga ɓarawo, kuma dutse ɗaya ya isa ya buɗe hanya. Wannan ne ya sa masu sayar da kayan tsaro ke tallata wata 'yar na'ura, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba, da aka ce tana tayar da ƙararrawa da zarar an fasa gilashi.

Ƙorafi biyu ake yawan ji a kanta, kuma suna karo da juna. Wasu na cewa ta cika kuka babu dalili: a yi tsawa ta ɗauka, faranti ya faɗi ta ɗauka, har maƙwabta su gaji. Wasu kuma na cewa ranar da aka fasa tagar da gaske, ko uffan ba ta ce ba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa kayan jabu ne, ko kuma fasahar ce gaba ɗaya ba ta da amfani. Jabun kaya akwai su a kasuwa, babu musu. Amma ƙorafin nan biyu galibi tushensu ɗaya ne: an sayo nau'in da bai dace da gilashin ba, ko an kafa na'urar inda bai kamata ba, ko an kafa ta an tafi ba a saita ta ba.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Tsarin ƙararrawar tsaro sassa uku gare shi. Akwai na'urorin da ke lura da abin da ke faruwa, waɗanda masu sana'ar ke kira sensa, kalmar aro daga Turanci mai nufin abin da ke jin canji. Akwai akwatin sarrafawa, da suke kira fanel, wanda duk na'urorin ke kai wa rahoto. Sai abin da ke sanar da mutane: jiniya, fitila mai walƙiya, ko saƙon da ke shiga wayar mai shago ko ofishin kamfanin tsaro. Na'urar da muke magana a kai tana cikin rukunin farko. Aikinta ta gaya wa fanel cewa ta ji wani abu, fanel kuma shi ke yanke shawarar ko a kunna jiniya.

Iri biyu ce. Akwai mai saurare, wadda ke da ɗan ƙaramin makirufo a ciki, ana kafa ta a bango ko a silin, tana sauraron duk tagogin ɗaki ɗaya. Akwai kuma mai jin girgiza, wadda ake manna ta a jikin gilashin ko a firam ɗinsa, ita kuma gilashin da take kai kaɗai ta sani.

Mutane da yawa na rikita su da wasu na'urori biyu. Ta farko ita ce ta maganaɗisu da ake sa wa ƙofa da taga: wannan buɗewa kawai take ganewa, don haka idan ɓarawo ya fasa gilashi ya zura hannu ko ya shige ba tare da ya ture firam ba, shiru za ta yi. Ta biyu ita ce mai gano motsi, wadda ke jin ɗumin jikin mutum idan ya gitta gabanta. Wannan sai mutum ya riga ya shigo take magana, wanda a shagon da waya ɗari ke jere bayan gilashi kan iya zama ihu bayan hari. Giɓin da ke tsakanin waɗannan biyu shi na'urar gilashi ta zo cikewa.

Saiti kuwa, a nan, yana nufin daidaita kaifin jin na'urar da ɗakin da aka kafa ta, sannan a tabbatar da hakan ta hanyar gwaji. Ƙararrawar ƙarya ita ce duk kukan da jiniya ta yi ba tare da an yi yunƙurin kutse ba.

Daga ina abin ya taso

A shekarar 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Russell Pope ya yi rajistar ƙararrawar ɓarayi mai aiki da batir da maganaɗisun lantarki, wadda ke kaɗawa idan an buɗe ƙofa ko taga. Edwin Holmes ya sayi haƙƙin a 1857, ya fara sana'ar a Boston, sannan ya koma New York a 1859, inda kasuwar ta buɗe masa. Tun a lokacin raunin tsarin a fili yake: yana tsare buɗewa, ba ya tsare fasawa.

Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne siririn zirin ƙarfe mai laushi da ake manna wa a gefen gilashi a zagaye, a shafe shi da fenti mai sheƙi. Lantarki na bin zirin. Gilashi na tsagewa zirin ya yanke, ƙararrawa ta tashi. Dabara ce mai kyau, amma aikin manna shi na cin lokaci, yana ɓata fuskar shago, kuma mai goge taga kan yanke shi da farce. Daga baya aka koma ga wani abu da 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880, wato cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da ɗan lantarki idan an matsa su ko an girgiza su. A kan wannan aka gina na'urar jin girgiza. Mai saurare ita ce ta zo a ƙarshe, lokacin da makirufo da 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki suka yi araha.

Abin da kunnen na'urar ke jira

Nan ne gaɓar da idan aka fahimce ta, yawancin ruɗanin zai warware. Idan aka doki gilashin taga har ya fashe, sauti biyu ke fitowa a jere, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Na farko shi ne dukan kansa: gilashin na ɗan lanƙwasawa ciki kafin ya karye, ya tura iskar ɗakin gaba ɗaya, ya ba da wani amo mai kauri, dum. Na biyu shi ne tarwatsewar, mai kaifi, mai tsinin da ke shiga kunne. Bambancinsu kamar na tambari da kuge ne.

Sauti kaɗawar iska ce, kuma ana auna yawan kaɗawar a daƙiƙa da ma'aunin Hertz, wanda aka sa wa sunan masanin Jamus Heinrich Hertz. Kunnen mutum mai lafiya na jin daga kusan 20 zuwa 20,000. Amon dukan yana can ƙasa a wannan tsani, na tarwatsewar kuma yana cikin dubbai.

Na'urorin farko sautin mai kaifi kaɗai suke jira, shi ya sa tarin makullai, cokula a tire, ko ƙarar birkin mota ke ruɗa su. Daga nan mummunan sunan da ke bin wannan fasaha har yau ya samo asali. Na zamani masu inganci sharaɗi biyu suke gindayawa: sai sun ji amo mai kauri, sannan mai kaifi ya biyo baya nan take, kuma a wannan jerin. Idan ɗaya ya zo babu ɗaya, su yi shiru.

Wannan na da sakamako da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Kwalbar lemo da ta faɗi a tsakar ɗaki ba ta lanƙwasa a cikin firam, ba ta tura iskar ɗaki, don haka na'ura mai kyau bai kamata ta kula ta ba. Mutumin da ya fasa kwalba a gabanta don gwaji, ya ji shiru, ya mayar wa mai shago da kaya cikin fushi, wataƙila na'ura mai lafiya ya mayar. Haka nan ba a ƙera ta don ta gane tsagewar da gilashi ya yi a hankali ba, ko wanda aka yanka da abin yankan gilashi, ko wanda aka ɓamɓare robar gefensa aka zare shi ɗungurungum. Masu ƙera ta da kansu suna gargaɗi cewa ko ramin harsashi ba lalle ta ji shi ba. Iyakarta ke nan, kuma mai sakawa na gaskiya zai faɗa wa mai gida haka ƙarara.

Gilashi suna ya tara

Gilashin taga na yau da kullum, wanda ake zubo shi a kan narkakkiyar kuza bisa hanyar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a 1959, yana karyewa ne manya-manya masu kaifi kamar wuƙa, da ƙara mai yawa. Wannan shi ya fi sauƙin ji. Akwai gasasshe, wanda ake zafafawa sama da digiri 600 sannan a sanyaya shi da gaggawa. Ƙarfinsa ya kai kusan ninki huɗu na na farko, idan ya fashe kuma sai ya zube ƙanana kamar tsakuwa, irin na gefen mota. Akwai mai falle biyu da roba a tsakani, irin na gaban mota, wanda masanin Faransa Édouard Bénédictus ya yi wa rajista a 1909. Wannan ko an doke shi tsagewa yake yi ya tsaya a manne, robar ta shanye yawancin ƙarar. Akwai mai ragar waya a ciki, akwai kuma mai falle biyu da iska a tsakani, wanda na'ura ba za ta ji shi ba sai duka fallayen sun fashe. Ledar nan mai duhu ko ta kariya da ake manna wa gilashi ita ma tana dakushe sautin.

Kowace na'ura na zuwa da takarda mai jerin nau'o'in gilashi da kaurin da aka gwada ta a kai, da mafi ƙanƙantar girman da za ta iya tsarewa. Samfurin FG-1625 na kamfanin Honeywell, alal misali, yana buƙatar gilashin ya kai aƙalla santimita 28 a tsawo da faɗi, kuma ya kasance a ɗaure cikin firam.

Wannan sharaɗin ya shafi gidajenmu kai tsaye. Tagogin nan masu falle-fallen gilashi a jere, da ake ɗagawa da saukewa da mariƙi, sun cika tsofaffin gidaje da makarantu da ofisoshi. Kowane falle siriri ne, gefe biyu kawai aka riƙe shi, kuma ɓarawo ba ya ma buƙatar fasa shi: ya lanƙwasa ƙarfen da ya riƙe shi, ya zare ɗaya bayan ɗaya ya jingine a ƙasa. Sayar wa mai irin wannan taga na'ura mai saurare cin amana ne, ko da an yi shi cikin rashin sani. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne na'urar jin girgiza a jikin ƙarfen tagar, da mai gano motsi a cikin ɗakin.

Inda ake kafa ta

A ɗauki shagon waya mai faɗin mita 4 da zurfin mita 9, gabansa duk gilashi. Mai sakawa ya duba ya ga bangon baya, kusa da inda fanel yake, shi ya fi sauƙin jan waya, ya kafa ta can. A takarda an rubuta iyakar jinta mita 7.6, wanda shi ne nisan da samfura da dama ke kaiwa. Tun kafin a kunna ta an riga an faɗi, domin gilashin ya fi ƙarfin kunnenta da fiye da mita ɗaya. Inda ya dace shi ne silin, 'yan mitoci daga gilashin, ko bangon gefe, ta yadda idan mutum ya tsaya daidai na'urar zai hangi kowace kusurwa ta gilashin babu abin da ya tare. Ana kuma auna nisa ne zuwa kusurwar da ta fi nisa, ba zuwa tsakiya ba.

Lambar da ke kan kwali ma ba alkawari ba ce ga kowane ɗaki. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin ƙara. A cikin ɗaki kuma kayan da ke ciki su ke da ta cewa. Tayil, siminti da ƙarfe suna mayar da sauti. Labule, kafet, kujerun kushin da katifa suna shanye shi, kuma sautin mai kaifi, wanda na'urar ke buƙata a mataki na biyu, shi suka fi shanyewa. Shagon atamfa da shadda irin na Kantin Kwari, inda yadi ya rufe bango daga ƙasa har sama, da shagon da babu komai sai tayil da akwatunan gilashi, ko da girmansu ɗaya, ba za su ɗauki saiti ɗaya ba. Labule mai kauri da aka saki a gaban taga kan iya rage jin na'urar ƙwarai. A irin wannan hali ana kafa ta a bayan labulen, a jikin firam, ko a koma ga mai jin girgiza.

Ba ta ji ta cikin bango ko rufaffiyar ƙofa, don haka kowane ɗaki da tasa. Ana ɗaga ta kimanin mita 2 daga ƙasa, domin kada kabad ko kwalaye su tare ta, a kuma nisanta ta aƙalla mita ɗaya daga bakin na'urar sanyaya ɗaki, jiniya ko ƙararrawar ƙofa. Kicin, banɗaki, gareji da ɗakin janareta ba wurarenta ba ne. Ba a kuma kafa ta a waje.

Wata ƙa'ida mai sauƙi da ake yawan tsallakewa: kada a huda bango sai an gwada. A manna na'urar da salatif a inda ake tunani, a ba ta wuta, a yi gwaji, idan ta ci sannan a ɗauko abin huda.

Haɗa wayoyi

Mai waya yawanci bolt 12 take ci daga fanel. Wayoyi biyu na wuta ne, biyu na rahoto, wani lokaci da ƙarin biyu na makunnin da ke tona asiri idan an buɗe murfinta. Layin rahoton a rufe yake zama; na'urar na jin fashewa sai ta buɗe shi. A ƙarshen layin ana sa wani ɗan abu mai suna rezista, wato mai rage gudun lantarki zuwa wani adadi sananne, domin fanel ya iya bambance layi mai lafiya da wanda aka yanke ko aka haɗe. Fanel ɗin Vista na Honeywell rezista mai om 2,000 yake so (om shi ne ma'aunin rezista), PowerSeries na kamfanin DSC kuma 5,600. Wurin rezistan a cikin na'urar ne. Masu gaggawa kan maƙala shi a cikin fanel saboda ya fi sauƙi, kuma yin haka ya bar duk tsawon wayar babu mai gadinta. Marar waya kuwa batir take amfani da shi, sai an yi mata rajista a fanel, a kuma tabbatar saƙonta na ratsa bangon da ke tsakani.

Saiti: aikin da aka fi gudu

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar cewa mafi kaifin ji shi ne mafi tsaro. Samfurin FG-1625 da aka ambata yana da matakai huɗu da ake zaɓa da 'yan makunnai a ciki: mita 7.6, mita 4.6, mita 3, da mita 1.5. Idan gilashin na nisan mita biyu da rabi a ɗaki mai tayil, aka bar ta a kan mataki mafi girma, ba a ƙara wa gilashin tsaro ko kaɗan ba. An dai buɗe kunnenta ga hayaniyar titi da ta maƙwabta. Ƙa'idar ita ce a zaɓi mafi ƙanƙantar matakin da ke jin gilashi mafi nisa a kowane gwaji, babu fashi.

Gwajin kuma da na'urar gwaji ake yin sa, wata 'yar akwati mai lasifika da ke fitar da sautin fashewa daidai da ƙarfin da aka auna. Kowane kamfani da tasa: FG-701 ta Honeywell, AFT-100 ta DSC. Tun da kowane kamfani da yadda na'urarsa ke tace sauti, bai kamata a gwada ta wani da abin gwajin wani ba.

Ga yadda aikin ke tafiya. Da farko a sanar da kamfanin da ke sa ido, ko duk wanda saƙo ke zuwa wayarsa, cewa gwaji za a yi. A mayar da ɗakin yadda yake kasancewa da dare: a saki labule, a rufe ƙofofi, a bar kaya inda suke kwana. A sa na'urar a yanayin gwaji, a mayar da murfinta, domin murfin na canja yadda sauti ke isa makirufo. Sannan mai gwajin ya je kusurwar gilashi mafi nisa. Idan akwai labule, ya shiga bayansa, ya riƙe akwatin gwajin dab da gilashin, lasifikar na fuskantar cikin ɗaki. Da irin ta Honeywell, zai danna maɓalli, ya ɗan bugi gilashin da abu mai laushi, kamar dunƙulen hannu da aka naɗe da tsumma. Bugun ne ke ba da amo mai kauri; akwatin na jin sa sai ya saki ƙarar tarwatsewa. Ya juya ya dubi fitilar na'urar: idan ja ya kama, ta ji duka biyun. Ya maimaita a kowace taga, sau da dama. Idan wuri ɗaya ya ƙi, ya ɗaga mataki ɗaya ya sake. Idan har a mataki mafi girma ya ƙi, to wurin kafawar ne bai yi ba, sai a matsar da ita ko a ƙara ta biyu.

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin shi ne a gwada abin da bai kamata ta ji ba. A kunna fanka, talabijin, janareta. A buga ƙofa da ƙarfi. A sauke ƙofar ƙarfe mai naɗewa ta gaban shago, wadda ƙararta ta haɗa kauri da kaifi a lokaci ɗaya, kuma ita ce babbar abar zargi a shaguna. Daga ƙarshe a fita daga yanayin gwaji, a kunna tsarin gaba ɗaya, a tabbatar jiniya ta yi kuka, saƙo kuma ya isa inda aka nufa. Fitila ja a jikin na'ura ba ta nuna cewa fanel ya samu labari.

Tafi, kaɗa makullai, ko kunna sautin fashewar gilashi daga wayar hannu, ba gwaji ba ne. Wasu samfuran kan ƙyafta fitila idan an yi tafi, amma abin da hakan ke nunawa kawai shi ne makirufo na da rai. Lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da amo mai kaurin da ake buƙata. Na'urar da ta tashi saboda sautin waya ta ba mai ita dalilin damuwa. Duk wanda zai biya kuɗin sakawa yana da haƙƙin ya tambaya tun farko: da me za ka gwada ta? Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan har mai sakawar ake gwadawa.

Illar ƙararrawar ƙarya

Ana iya ganin kukan banza ƙaramin abu ne, amma ƙasashen da suka daɗe da wannan fasaha sun ɗanɗana kuɗarsu. Wani jagora da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta wallafa wa 'yan sanda ya nuna cewa kashi 94 zuwa 98 cikin ɗari na kiran ƙararrawar ɓarayi na ƙarya ne. Alƙaluman sun haɗa kowane irin dalili, har da kuskuren masu gida, ba na'urar gilashi kaɗai ba. Sakamakon dai shi ne birane irin su Salt Lake City, tun daga shekarar 2000, suka daina tura 'yan sanda sai an tabbatar da kutsen ta wata hanya. A Birtaniya, ginin da ya yi kiran ƙarya uku cikin wata 12 ana janye masa amsawar 'yan sanda har sai ya gyara. Akwai kuma ƙa'idojin gwaji, irin su EN 50131 a Turai da UL 639 a Amurka, kuma ganin ɗayansu a takardar na'ura alama ce mai amfani ga mai saye.

A wurarenmu, inda mai amsa kukan jiniya galibi mai gadi ne, ko 'yan sintiri, ko maƙwabci, hukuncin ba a rubuce yake ba amma ya fi sauri. Dare na farko kowa zai fito da tocila da sanda. Dare na biyar mutum biyu za su leƙo. Bayan nan mai shagon da kansa zai ce a kashe ta, kuma yawanci ba ita kaɗai ake kashewa ba, har da sauran tsarin.

Inda masana suka saɓa

Masu goyon bayan mai saurare suna kafa hujja da araha da tsabta: guda ɗaya ta tsare tagogi shida, babu waya a jikin gilashi. Masu fifita mai jin girgiza suna cewa ita labule bai dame ta ba, hayaniyar ɗaki ma haka, kuma tana iya jin duka tun kafin gilashi ya karye, abin da ke da muhimmanci ga gilashi mai roba a tsakani. Rauninta shi ne kowane falle sai an sa masa tasa, kuma babbar mota ko tsawa na iya girgiza ta idan an ƙure mata saiti. Magana mafi adalci ita ce ɗaki ne ke zaɓa: buɗaɗɗen wuri mai tagogi da yawa ya fi dacewa da ta farko, ɗaki mai hayaniya ko labule mai nauyi kuma da ta biyu.

Akwai saɓani kuma kan ko a bar ta a kunne dare da rana. Fa'idarta a gida ita ce ana iya kunna ta mutane na ciki suna zirga-zirga, abin da mai gano motsi ba ta yarda da shi. Amma a wurin da ake hada-hada da rana, barin ta awa 24 gayyatar kukan banza ne, shi ya sa masu sakawa da yawa ke sa ta aiki sai lokacin da aka kunna tsaro kawai.

Wasu kuma na ganin a ginin da kowace taga ke da ƙarfe, na'urar ɓarnar kuɗi ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin fasa gilashi bai ba ɓarawo hanya ba sai ya yanke ƙarfen. Sai dai hannu na shiga tsakanin ƙarfe, kuma fasa gilashin kan zo kafin yankan, don haka jin sa da wuri na ba da 'yan mintuna masu daraja. Ya kamata a kuma tuna cewa ƙarfen da ba ya buɗewa daga ciki yana tsare mutanen gida a lokacin gobara kamar yadda yake tsare ɓarawo. Tagar ɗakin kwana aƙalla ɗaya ta kasance mai buɗewa.

Sai tambayar da iyalai ke yi, kuma suna da haƙƙin yin ta: wannan makirufo yana naɗar hirar gida? Na'urar gilashi ta asali ba ta adana murya, ba ta aika ta ko'ina. Tana tace sauti ne a cikinta, abin da ke fita kawai shi ne buɗe layi ko rufe shi. Lasifikokin zamani masu haɗe da intanet, irin waɗanda Amazon ta ƙara wa iya jin fashewar gilashi a 2019, wani abu ne daban, kuma tambayar sirri a kansu tana da tushe.

Bayan mai sakawa ya tafi

Saitin da aka yi na ɗakin ranar ne. Aka canja labule, aka shimfiɗa kafet, aka kafa sabon kanta, aka manna talla a gilashi, aka tara kwalayen sabon kaya har silin, duk lissafin ya motsa, sai an sake gwaji. Ko babu abin da ya canja, masu ƙerawa na ba da shawarar a gwada aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma a yankinmu lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan hunturu, sa'ad da ƙura ta gama shiga kowace kafa, har da 'yar hudar makirufo. Mai fenti ma a gaya masa kada ya shafe ta. Damina kuma ita ce jarrabawar saiti: tsawa da ruwa mai ƙarfi a kan rufin kwano su ke tona na'urar da aka bari a mataki mafi girma.

Abu na ƙarshe shi ne wuta. Na'ura mai waya rayuwarta na hannun fanel, fanel kuma idan an ɗauke wuta batirin ajiyarsa yake komawa, wanda galibi mai bolt 12 ne. Irin wannan batir kan yi shekara uku zuwa biyar a yanayi mai sanyi da tsayayyar wuta. Zafi da yawan ɗauke wuta suna rage masa kwana sosai. Gwajinsa ba ya buƙatar gwani: a zare fulogin fanel da rana, a bar shi awanni daidai tsawon daren da shago ke kwana babu kowa, sannan a duba ko fitilar na'urar na nan da rai.